Digirin Kwatano, Tayil Ɗin Kwatano

Tun ban buɗe baki ba na hango ku. Ga Malam can ya turo hula gaban goshi, ga Hajiya ta tallabe haɓa, jira kawai suke in kai aya su ce, "Kai dai faɗi gaskiya, aiki a ƙasar wani sai mai hanya." Daga bayan taro wani ya ɗaga murya, shi bai ga abin tattaunawa ba, ai baƙin nan su suka cinye mana ayyuka. Na huɗunku bai ce uffan ba, hankalinsa na kan fasfon da ya damƙa wa wani eja wata bakwai ke nan, yana jiran bizar ƙasar da aka ce masa da tsintsiya ake tara kuɗi. To ku matso, tabarmar ta ishe mu. Yau ko filin jirgi ba za mu leƙa ba. Nan Abuja za mu zauna, inda mu ne 'yan gari, mu kalli yadda baƙo mai sana'a ke samun abin yi a gaban idonmu.

Na ce mu ne 'yan gari, amma mu faɗa a hankali kada Gbagyi da Koro da Gade su ji su yi mana dariya. Garin nan doka ce ta haife shi ranar 3 ga Fabrairu, 1976, kwana goma kafin a kashe Janar Murtala, gwamnati kuma ba ta tare a cikinsa ba sai 12 ga Disamba, 1991. Sunan ma aro aka yi daga tsohuwar Abuja, wadda ta koma Suleja, garin da Abu Ja na gidan sarautar Zazzau ya kafa a 1828 bayan jihadi ya raba su da Zariya. Ni Bakano ne, ba zan bar wannan ta wuce ba: Zagezagi ne suka fara zuwa ci-rani Abuja, mu sawunsu muka bi. A garin nan, bambancin ɗan gari da baƙo shi ne wani ya riga wani sauka daga mota a Zuba.

Bari in fara da tona wa kaina asiri, kada ku ce daga kan mumbari nake magana. Shekarun baya Allah Ya hore mini 'yan ɗakuna a bayan Lugbe, ginin da ya yi shekara shida yana raba albashi da ni. Da aka zo sa tayil, uwargida ta ce ga ɗan yayarta nan, ya iya. Na ce a ina ya koya? Ta ce ai yaro ne mai kai, abu sau ɗaya yake gani ya ɗauka. Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya. Na ba shi kafin alƙalami, kwana huɗu ya gama banɗaki ya kira ni in ga aiki. A ido kam sai sambarka. Ranar da muka tare na yi wanka na fito, sai na tarar ruwan ya riga ni isa ɗaki. Magudana tana kusurwar gabas, shi kuwa ya ce yamma ya nufa, ya bi ta ƙarƙashin ƙofa ya je ya gaida katifa. Malam mai cewa aiki sai da hanya, ga hanya ta yi aikinta: ta ba yaro aiki, ta ba ruwa hanya.

Mai gadin gidan da ke kallon namu, wani dattijon Buzu, ya ga katifa a rana kwana biyu a jere. Ya ce, "Alhaji, akwai wani yaro ɗan Kwatano da ya yi wa maigidana aiki. Zo ka gani." Ya shigar da ni banɗakin yaran gida, ya ɗebo ruwa a bokiti ya sheƙa a ƙasa. Ruwan nan ya yi layi kamar 'yan firamare ya shige magudana, ko ɗigo bai waiwayo ba. Gani ya kori ji. Na ce ba ni lambarsa.

Washegari sai ga wani siririn saurayi da jaka ɗaya a kafaɗa. Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "nawa" ba, Turancinsa buroka ne na bakin kasuwa. Tun safe har azahar bai ɗora tayil ko ɗaya ba. Ƙotar guduma ya ɗauka yana bin wanda aka sa ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa, ya kasa kunne kamar mai zaɓen kankana. Duk wanda ya yi ƙarar ganga sai ya sa masa alli, alamar ƙarƙashinsa rami ne. Sannan ya zaro wani siririn tiyo garai-garai ya cika shi da ruwa, ya ba ni baki ɗaya in riƙe a jikin bango, ya ja ɗaya bakin zuwa wancan bangon, inda ruwa ya tsaya ya ja layi. Ya kafa ƙusoshi, ya ɗaura zare daga kowace kusurwa zuwa magudana. Ni ina ta kallon agogo ina cewa a raina na sake faɗawa hannun wani. Sai bayan la'asar ya kwaɓa siminti. Da ya gama aikin bai ce in zo in gani ba, bokiti ya miƙo mini.

Da muka saba ya ba ni labarinsa, rabi da baki rabi da hannu. Shekara huɗu ya yi yana koyo wurin ubangidansa a Kwatano, ta farko duk a ɗiban ruwa da wanke kayan aiki ta ƙare, kafin a yi masa bikin yaye. Ya tsallako ta Seme, ya ratsa Legas, ya sauka wurin wani ɗan garinsu a Abuja. A kango yake kwana a Lokogoma, buhun siminti ne matashi. Wata uku yana kwaɓa wa wani siminti yana ɗaukar kwanon sarki, shi da a gida ake ce masa gwani. Rannan mai sa tayil bai zo ba, ɗan garin nasu ya ce wa ɗan kwangila, "Ba shi ƙaramin banɗakin baya. In ya ɓata, cire a kuɗina." Wannan magana ita ce takardar ɗaukarsa aiki, ba hatimi ba sa hannu. Daga banɗakin baya aka ba shi kicin, daga kicin sai falo. Yau in ka nemi shaidar iyawarsa waya zai miƙo maka ka ga hotuna, ya lissafo maka gidaje a Gwarimpa da Jahi, ya ce je ka zuba ruwa.

Ga inda abin ke ba ni dariya. A ƙarshen 2023 ɗan jarida Umar Audu na Daily Nigerian ya fallasa yadda ya sayo digiri daga wata jami'a a Kwatano cikin mako shida, har ya shiga hidimar ƙasa da shi. Ranar 2 ga Janairu, 2024, Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta dakatar da tantance digirorin Benin da Togo. To a garin nan, babban mutum zai ture takardar Kwatano da bayan hannu da safe a ofis, da yamma ya leƙa gininsa a Guzape ya ce wa injiniya, "Tayil da silin POP kam, a nemo mini 'yan Kwatano ko 'yan Togo." Su wa suka je sayen digirin? Mu. Su wa suka zo da hannu? Su. Motar da ta kai waɗannan ita ta dawo da waɗancan.

Na ga Malam ya gyara zama, ya samu makama. "Ai da bakinka ka faɗa, ɗan garinsu ne ya tsaya masa. In wannan ba hanya ba ce, mene ne?" Sannu da ƙoƙari, Malam, saura ƙiris ka ci. Mai hanya cewa yake, "Ɗauke shi don ni." Mai tsayawa cewa yake, "Ɗauke shi, in ya ɓata ni zan biya." Na farko fuskarsa kawai ya ara maka, na biyu ya sa aljihunsa da mutuncinsa a jingina, don haka ba zai tsaya wa wanda bai taɓa ganin aikinsa ba. In kana son hujja, uwargida da ta kawo ɗan yayarta ko kwabo ba ta bayar ba a kuɗin gyara. Ni na biya, kuma har yau ban isa in tayar da zancen a gida ba.

Abin mamaki ma a ce mu ne muke mamakin wannan. Kakanninmu fataken goro da suka bi hanyar Gwanja suka sauka Salaga, daga baya Kumasi, babu wanda ke faɗawa kasuwa kai tsaye. A zango yake sauka wurin mai masauki, shi zai ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in za a ba shi bashi, ciniki ya faɗa ya karɓi la'adarsa. Haka Sabo ta Ibadan ta tsaya da ƙafarta a kan cinikin shanu da goro. Baƙo makaho ne ko da yana da ido, mai masauki ne sandarsa. Abin da muka yi ɗaruruwan shekaru muna yi a garuruwan mutane, yau an zo an yi a bakin ƙofarmu mun ce maguɗi ne.

Hajiya ta ce to ai wancan matsalarsa harshe, da Bahaushe ne da tuni ya wuce wurin. Hajiya, bari in ba ki labarin wani Bakatsinen Maraɗi. Ya gama makarantar fasaha, ya zo Abuja da takardar lantarki rubuce da Faransanci, yana ganin Hausa ta raba gardama. Wurin farko da ya je aka juya takardar sama, aka juya ta ƙasa, aka ce ya je a fassaro. Don ya ƙara wa kansa daraja ya ce wani babban mushe ne ya koyar da shi, aka kwashe da dariya. Can mushe malamin makaranta ne, nan kuwa sai ungulu ke nemansa. Ya ce kuran, aka ce wuta muke cewa. Da kuɗin guzuri suka ƙare ya kama kurar ruwa a Karmo, ya zama ɗan ga-ruwa kamar sauran 'yan garinsu.

Ana nan rannan injin burtsatsen da suke ɗiba ya tsaya cik. Kuraye sun yi layi, mai gyara ya ce sai jibi. Yaron ya ce wa mai burtsatse, "Baba, in ka yarda in duba." Baba ya dube shi daga silifas har hula ya ce, "In ka ƙona mini inji fa?" Shugaban 'yan ga-ruwa ya ce, "Baba, mun tsaya masa." Ya buɗe akwatin wutar, ya shinshina, ya gwada, ashe wata 'yar na'ura ce da ba ta kai kwalbar turare ba ta ƙone. Aka sayo aka canza, ruwa ya ɓalle. Yau sola yake haɗa wa mutane, wannan gida ya ba wancan lambarsa. Takardar tana ƙasan akwati a cikin leda. Karatun da ke cikinta shi ya nuna masa inda zai taɓa, ita ce dai ba wanda ya nema.

Kada wani ya tashi daga nan ya ce na ce a yi wasa da takarda. Hedkwatar ECOWAS tana nan Abuja, yarjejeniyarta ta 1979 ce ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shigowa ba biza ya yi kwana 90. Wanda zai zarce sai ya nemi katin zama a hukumar shige da fice, mai hedkwata a Sauka kan hanyar filin jirgi. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar ranar 29 ga Janairu, 2025, ita kuma ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar mutanensu har sai ta sake magana. Ka ga mutumin Maraɗi a inuwar "har sai" ya shimfiɗa tabarmarsa. Wasu sana'o'in kuma ba a gwada su da bokiti. Likita sai majalisar likitoci ta ba shi lasisi, injiniya sai da rajistar COREN, kamfanin da zai kawo ƙwararre daga waje sai Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta ba shi gurbi. Ba wanda zai ce wa baƙon likita, "Fara da ɗan ƙaramin cikin nan, in ya ɓata cire a kuɗina."

Yanzu kai na bayan taro, mai cewa an cinye mana ayyuka. Wanne aka cinye maka? Yaushe rabonka da durƙuso awa tara a kan ɗanyen siminti? Kai da in aka ce ka koyi sana'a shekara huɗu sai ka ce an raina maka satifiket. Kuma ai an gwada kora, har sau biyu a idon iyayenmu. A Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Ghana, Hausawa da Yarabawa da dama, har da waɗanda a can aka yanke musu cibi, suka dawo da ƙunshin kaya a ka. A Janairu 1983 gwamnatin Shagari ta yi irin tata, mutum fiye da miliyan ɗaya suka fita, yawancinsu 'yan Ghana, cikinsu har da malaman makaranta da teloli da magina. Tambayi wanda ya yi sakandare a lokacin wa ke koya masa lissafi kafin korar, wa ya koya masa bayanta. Babban abin da muka gada shi ne jakar nan mai ratsi-ratsi, Gana-mas-go, wadda yanzu mu ke cusa kaya a cikinta in za mu neman abinci garin wasu.

Saura kai mai fasfo, daina kallon waya, eja ba zai kira yau ba. Abin da ɗan Kwatano ya gani a Lokogoma shi ke jiranka can, kwat kawai aka sa masa. Likitanmu in ya je Ingila sai ya zauna jarrabawar PLAB, ya kuma kawo shaidar ya iya Turanci, shi da tun firamare da Turancin ake dukansa. A Kanada mai digiri biyu zai je neman aiki a tambaye shi ko ya taɓa aiki a Kanada. Ta ina, bawan Allah, jiya na sauka? Sai ya fara da jan tasi ko dakon kwalaye a sito, kwanon sarkinsa ke nan. A Saudiyya kuwa an daɗe da mai da mai tsayawa doka sukutum, kafil ake ce masa, in ba ka da igama komai iya ɗinkinka a bayan labule za ka yi shi, kana jin tsayuwar mota gabanka ya faɗi. Tambayi Takari su ba ka labari. Don haka kafin ka tambayi eja nawa ne albashi, tambayi kanka: me zan iya nunawa cikin yini ɗaya ba tare da na buɗe baki ba? Wa na sani can da zai ce cire a kuɗina? In ba ka da amsa, kuɗin bizar nan ka sayi tiyo da zare, na san mai koyarwa.

Wa ke da naira ashirin a aljihu? Na san yanzu ko mai ruwan leda ka miƙa wa sai ya harare ka, amma a ciro ta, tana da sauran amfani. A gaba Murtala ne, wanda ya sa hannu aka haifi garin nan. Ku juya baya: mace ce zaune tana ginin tukunya, Ladi Kwali. Ba ta yi boko ba, a gida ta koyi sana'arta. Wani Baturen Ingila, Michael Cardew, shi ma baƙo ne da ya zo da sana'a a hannu, ya ga tukwanenta a gidan Sarkin Abuja Sulaimanu Barau. Kun ga aiki ne ya fara yin magana, a gidan wanda ake jin maganarsa. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja, ita ce mace ta farko. Ta je Ingila, ta je Amurka a 1972, ta zauna gaban Turawa ta murza yumɓu suna kallo, ba wanda ya ce ta kawo satifiket. Takarda ce ta biyo ta da gudu daga baya: a 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa. Shekara 23 tsakani. Ku gwada da mako shida, sai ku gane dalilin da har yau ba ma'aikatar da ta dakatar da nata.

Na san kuna so ku ji ƙarshen ɗan yayar uwargida. Ni da kaina na kama hannunsa na kai shi wurin ɗan Kwatano. Ya dube shi, ya dube ni, ya tambaya da burokansa, in yaron ya fasa wa mutane tayil fa? Na waiga ban ga kowa a bayana ba, na haɗiye yawu na ce, "Cire a kuɗina." Bana shekararsa ta biyu ke nan. Ya iya kwaɓi, ya iya yanka, ya fara jin ƙarar ganga a ƙarƙashin tayil, amma banɗaki har yanzu zare kawai ake bari ya riƙe. Uwargida na cewa ana ɓata wa yaro lokaci, shi da abu sau ɗaya yake gani ya ɗauka. Ni dai na ce to.

Malam, mai da hularka daidai. Hajiya, saki haɓar nan kada ta ƙage. Mai fasfo, in Allah Ya sa eja ya ɗauki waya, ka ce ina gaishe shi. An cire a kuɗina sau biyu zuwa yanzu, amma katifar ta bushe.